Ƙananan Harsunan Jihar Kebbi a Ma'aunin Ilmin Halittu, Tare da Waiwayen Mutanen Miwok

Idan mutumin Jandutsi ya ɗauki amfanin gonarsa ya nufi kasuwar Jega, ko ya bi 'yan albasa zuwa Aliero, ko ya gangara Maiyama, da wuya ya buƙaci wani harshe ban da wanda ya tashi da shi. Hausa ce a gida, ita ce a masallaci, ita ce kuma a bakin dillali. Zai ji Fillanci a wurin masu tallar nono, wani lokaci ya ji Zabarmanci ko Yarbanci a tasha, amma su ɗin ma da zarar ciniki ya kankama Hausa suke komawa. Sunan garin kansa Hausa ce tsantsa, irin ta yamma wadda ke cewa dutsi a inda Bakano zai ce dutse. Don haka ba abin mamaki ba ne yaro ya girma a wannan yanki yana zaton duk Jihar Kebbi haka take, watau ƙasa ɗaya mai harshe ɗaya, sai 'yan baƙi jefi-jefi.

To, amma hanyar nan da ta bar Jega ta ratsa Maiyama zuwa Koko, tafiyar 'yan sa'o'i kawai za ta kai matafiyi cikin ɗaya daga cikin yankunan da suka fi tarin harsuna a arewacin Nijeriya. Wanda ya miƙe daga Koko zuwa Yauri zai wuce ta ƙasar Shangawa kafin ya iske Gungawa da Kambari a bakin Kogin Kwara. Wanda ya karkata gabas ta Mahuta zuwa Dabai da Zuru zai shiga cikin Fakkawa da Dakarkari, in ya ƙara gaba wajen Sakaba ya tarar da Dukawa da Acipawa. Ta yamma kuwa, wajen Kamba da Illo, akwai Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Busawa. A shekarar 1963 wani masanin harshe Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya kasa harsunan Afirka duka zuwa manyan zuriyoyi huɗu. Ko da yake masanan da suka biyo baya sun yi ta jayayya da wasu sassan rabon nasa, abin lura shi ne uku daga cikin zuriyoyin nan huɗu suna da wakilai a cikin wannan jiha ɗaya da aka ƙirƙiro a 1991. Hausa tana cikin zuriya guda da Larabci, Zabarmanci da Dandanci suna wata zuriyar dabam, sauran kuma, daga Fillanci har Dakarci, suna ta uku.

Ko a nan Jega ma akwai abin dubawa. Gimbanawa, waɗanda sunansu ya samo asali daga garin Gimbana na Malam Abdussalami, garin da harin da Gobirawa suka kai masa ya kasance cikin musabbaban hijirar Shehu Usmanu a 1804, Hausawa ne a idon kowa a yankin. Duk da haka kundin harsunan duniya mai suna Ethnologue ya ware wani gurbi da ya kira Gibanawa, ya bayyana shi da cewa Hausa ce da aka sauƙaƙa domin hulɗa da maƙwabta, ya kuma ajiye shi a ƙasar Jega. Bagimbane zai iya yin dariya in an karanta masa wannan, kuma yana da hujja. Sai dai abin yana nuna wata matsala da masana ilmin halittu suka daɗe da sani tun kafin ta dami masana harshe: sunan da na waje ya laƙaba wa abu sau da yawa ba ya dacewa da yadda abin yake a zahiri.

Suna ɗaya, jinsi da yawa

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, sauron da ya fi yaɗa zazzaɓin cizon sauro a Afirka ana ɗaukarsa jinsi ɗaya ne, mai suna Anopheles gambiae. Kamanninsa ɗaya ne a ido, ɗaya ne kuma a ƙarƙashin madubin bincike. A farkon shekarun 1960 ne George Davidson da wasu masana suka riƙa haɗa sauron wannan wuri da na wancan su yi barbara a ɗakin gwaji, sai suka ga wasu haɗe-haɗen suna haifar da maza marasa haihuwa, kamar yadda jaki da goɗiya ke haifar da alfadari. Ashe jinsuna da dama ne suka ɓuya a ƙarƙashin suna ɗaya. Wani ya fi son jinin mutum da kwana cikin ɗaki, wani ba ya ƙin jinin shanu kuma yakan kwana a waje, wani ma a ruwan gishirin bakin teku yake ƙyanƙyasa. A lokacin babban aikin binciken zazzaɓi da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar a Garki, cikin tsohuwar Jihar Kano, daga 1969 zuwa 1976, feshin maganin da aka yi a ɗakuna bai katse yaɗuwar cutar ba, kuma ɗaya daga cikin dalilai shi ne wani kaso na sauron ba a bangon ɗaki yake sauka ba. Mario Coluzzi, masanin Italiya da ya nazarci ƙwayoyin gadon sauron yankin, shi ne aka karrama a 2013 da aka ware wani jinsin aka sa masa suna Anopheles coluzzii.

Haka al'amarin yake da sunayen da Bahaushe ya raɗa wa maƙwabtansa na kudancin Kebbi. Kalmar Kambari a kunnen mutumin Jega ƙabila ɗaya ce mai harshe ɗaya, alhali kuwa masana sun rarrabe harsuna da dama a ƙarƙashinta, irin su Tsikimba da Cishingini da Tsishingini da Tsuvaɗi, waɗanda ke bazuwa daga ƙasar Yauri da Ngaski zuwa cikin Jihar Neja, wasunsu kuma sai da koyo mai wannan ke jin wancan. Dukanci ma biyu ne, na Hun da na Saare. Na Acipawa ya fi ban mamaki. An daɗe ana lissafa Acipawan yamma da na gabas a matsayin rassa biyu na abu ɗaya saboda sunan da suka yi tarayya a kansa, sai da Stuart McGill, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Landan a kan harshen Acipawan yamma, ya nuna cewa harshen nasu ya fi kusa da na Kambari, na gabas kuwa ɗan'uwan Kamukanci ne.

Su kuwa mutanen suna da sunayen da suke kiran kansu, kuma a cikin sunayen akwai nahawu. Wanda Bahaushe ke ce wa Badakkare, shi K'Lela yake ce wa kansa, jama'arsa Lelna, harshensa C'Lela, ƙasarsa A'Lela. Acipawa Acipu ne, harshensu Cicipu. Gungawa, waɗanda Hausa ta sa wa suna daga gungun da suke zaune a tsakiyar kogi, su Bareshe ne, harshensu Tsureshe. Mai karatu zai lura saiwar kalmar ba ta canzawa, ɗafa-goshi ne ke sauyawa ya nuna ko mutum ake nufi ko jama'a ko harshe. Wannan shi ne tsarin da ke cikin Mswahili da Waswahili da Kiswahili can gabashin Afirka, kuma ba dace ba ne: harsunan nan, da masana ke kira dangin Kainji, waɗanda yawansu ya kai wajen 60, kaka ɗaya suka haɗa da harsunan Bantu. Watau tsohuwar da ke daka a wani ƙauyen Zuru tana riƙe da shaida a bakinta game da tarihin rabin nahiyar Afirka.

Mutanen Miwok

Domin a ga inda irin wannan ruɗani na suna ke kaiwa idan lokaci ya ƙure, yana da kyau a leƙa wata ƙasa mai nisa wadda ta riga ta bi hanyar har ƙarshenta. A tsakiyar Kalifoniya, a yammacin Amurka, akwai wasu 'yan asalin ƙasar da ake kira Miwok. Kalmar a ɗaya daga cikin harsunansu tana nufin mutane ne kawai, baƙi suka ɗauka suka yafa wa kowa. Su ba su taɓa zama al'umma ɗaya mai sarki ɗaya ba. Ƙananan garuruwa ne masu cin gashin kansu, warwatse daga bakin teku arewa da San Faransisko, zuwa gefen wani tafki da ake kira Clear Lake, zuwa fadamun kogin Sakramento, har kan duwatsun Siyera Nebada. Harsunansu bakwai ne: na bakin teku, na tafki, na gaɓar San Faransisko ta gabas wanda ake kira Saklan, na fadama, sai uku na kan duwatsu, wato na arewa da na tsakiya da na kudu. Dangin juna ne, amma sun rabu tun shekaru dubbai, har na bakin teku ba zai fahimci na kan dutse ba.

Ba manoma ba ne irin na Jandutsi. Abincinsu na yau da kullum 'ya'yan wani babban itace ne da Turawa ke kira oak, masu ɓawo mai tauri da ƙwaya mai maiƙo. Ƙwayar tana da ɗaci saboda sinadarin tanin, wanda shi ne ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, don haka sai mata sun daka ta a kan fa, sun tankaɗe, sun yi ta kwarara wa garin ruwa har ɗacin ya fita, kusan yadda ake jiƙa rogo mai ɗaci kafin a ci. A wani wuri da suke kira Chaw'se har yanzu akwai shimfiɗaɗɗen dutse mai ramukan daka 1,185, turame ke nan na zuriya bayan zuriya.

Masanin al'adu Alfred Kroeber ya ƙiyasta yawansu a 1770 da kimanin 11,000, wasu masanan bayansa suna ganin sun fi haka nesa. Daga 1776 'yan mishan na Sifaniya suka fara kafa gidajensu a yankin San Faransisko suna tattara mutanen bakin teku da na fadama a ciki, inda ƙyanda da sauran cututtukan da jikinsu bai saba da su ba suka yi musu kisan kiyashi. A 1833 zazzaɓin cizon sauro, wanda maharban fatu suka shigo da shi, ya share garuruwa a fadamun Sakramento, bayan 'yan shekaru agana ta biyo. Sannan aka gano zinariya a gindin duwatsun a 1848, mutane dubu ɗaruruwa suka kwararo, aka ƙwace ƙasa, aka kashe waɗanda suka yi turjiya. A 1851 wata rundunar 'yan sa-kai ta shiga kwarin Yosemiti tana farautar mazaunansa. Sunan nan Yosemiti da masu yawon buɗe ido ke ambato a yau kalmar Miwok ce mai nufin masu kisa, kuma shi ma suna ne da maƙwabta suka laƙaba wa mutanen kwarin, su Ahwahni suke kiran wurinsu. Ƙidayar 1910 ba ta sami Miwok 700 ba. 'Ya'yan waɗanda suka tsira an kai da yawansu makarantun kwana na gwamnati inda ake hukunta yaro in ya yi harshen uwarsa. Sai a 2019 gwamnan Kalifoniya, Gavin Newsom, ya nemi gafarar 'yan asalin jihar a hukumance, ya kuma kira abin da aka yi musu kisan ƙare dangi.

Saboda sunan Miwok bai ɓace ba, kuma jikokinsu suna nan da ƙungiyoyinsu, na nesa zai zaci harshen ma yana nan. Amma ba harshe ɗaya ba ne, kowane ɗaya cikin bakwai ɗin da tasa ƙaddarar. Saklan ya mutu tun ƙarni na 19. Na bakin teku ya rasa mai jinsa na ƙarshe, Sarah Ballard, a 1978. Na fadama ya bi baya kafin ƙarnin ya ƙare. Na tafki da na kan duwatsu suka shiga ƙarni na 21 a bakin 'yan tsofaffin da za a iya ƙirgawa da yatsu.

Kuka babu 'ya'ya

Ba a kori kowa da bindiga a Kebbi don ya bar harshensa ba, kuma duk wanda ya daidaita Hausa da rundunar da ta shiga Yosemiti ya yi wa tarihi ƙarya. Amma sakamakon yana iya zama iri ɗaya ta hanya mai laushi, kuma ya fi wuyar ganewa, domin mutanen suna nan, suna ƙaruwa ma.

Mai nazarin itatuwa idan ya shiga gonakin da ke kewaye da gari irin Jandutsi ya ga manyan kukoki da ɗorawa tsaye, ba ya gamsuwa da ƙirga su. Abin da yake nema shi ne ƙanana: dashen bana, na shekara biyar, na shekara ashirin. Idan awaki sun cinye masu tsirowa, garma ta tumɓuke saura, to wannan daji ya riga ya mutu ko da kukokinsa za su ƙara shekara ɗari suna ba da miya. Da wannan ma'auni ake auna harshe. A 2003 kwamitin masana na hukumar UNESCO ya tsara abubuwa tara da ake dubawa don sanin lafiyar harshe, na farko a cikinsu shi ne ko iyaye suna miƙa shi ga 'ya'yansu. Harshen da mutum 2,000 ke yi har da yaran goye ya fi wanda tsofaffi 50,000 ke yi ƙarfi.

Kyangawa su ne misali mafi bayyana. Tsofaffin mazauna ne a yammacin jihar, garin Kyangakwai da ke ƙaramar hukumar Dandi yana ɗauke da sunansu, kuma harshensu na dangin Mande ne, wato ɗan'uwan Busanci na kusa, ɗan'uwan Bambaranci na ƙasar Mali na nesa. Ross Jones, wanda ya shafe shekaru yana nazarin harsunan Boko da Busa, ya zagaya garuruwansu ya ƙiyasta cewa masu kiran kansu Kyangawa sun haura 200,000, amma masu jin harshen ba su kai 20,000 ba, akasarinsu a wasu ƙauyuka na wajen Illo da tsallaken iyakar Binin. Saura sun koma Hausa, na Binin kuma Dandanci. 'Yan'uwansu Shangawa suna da ƙaramar hukuma sukutum mai sunansu a kan hanyar Yauri, harshen kuwa ya maƙale a 'yan garuruwan bakin kogi. Mai duba taswira zai ga Shanga da manyan baƙaƙe ya ɗauka komai lafiya.

Gungawa kuma nasu ya haɗa da sauyin mazauni. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin ya haɗiye tsibirai da gaɓoɓi masu yawa, aka tayar da mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Tsibiri katanga ce ga harshe kamar yadda yake katanga ga tsuntsu ko ƙadangare: abin da ke cikinsa yakan daɗe da kamanninsa saboda ruwa ya raba shi da na tudu. Da aka dawo da mutanen bakin hanya, kusa da kasuwa da makaranta, katangar ta faɗi.

Gwajin Gause

Me ya sa harsuna biyu ke zama tare ɗaruruwan shekaru a wani wuri, a wani wurin kuma ɗaya ya haɗiye ɗaya cikin zuriya biyu? A shekarun 1930 wani matashin masani ɗan Rasha, Georgy Gause, ya yi gwaji da wasu ƙananan halittun ruwa masu ƙwayar rai ɗaya da ake kira Paramecium. Ya zuba jinsi biyu a kwalbar gwaji ɗaya, dukansu masu cin bakteriyar da ke yawo cikin ruwan. Kowanne in shi kaɗai ne yana bunƙasa, amma da aka haɗa su, cikin 'yan makonni ɗaya ya ƙare, ba don ɗayan ya cije shi ba, sai don ya ɗan fi shi saurin ci da haihuwa. Da ya sake gwajin da wani jinsin wanda ke kiwo a gindin kwalbar, sai duka biyun suka rayu, kowa da inda yake samun abincinsa.

Dakarkari da Kambari da Gungawa sun daɗe suna jin Hausa. Fatake sun ratsa ƙasarsu, kasuwar Jega kanta ta yi suna tun ƙarni na 19 a kan hanyar fataucin goro zuwa Gwanja. Muddin Hausa tana kasuwa da fada, harshen gida yana gona da wurin daka da bikin Uhola da shekarun golmo da saurayi ke yi yana noma wa surukai, to kowa yana kiwo a ɓangarensa na kwalbar. Matsala takan fara ranar da Hausa ta shiga tsakanin uwa da ɗanta. Hanyoyin shigarta kuwa sanannu ne. Auren wadda ba ta jin harshen miji yakan sa gida ya koma Hausa. Ƙasar Zuru ta yi fice wajen ba da sojoji, yaran da aka haifa a bariki kuwa da Hausa suke dawowa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsa, a aikace kuwa zaɓi na biyun ne ya yi aiki, domin shi ke da littattafai da malamai. Sai kuma abin da ba a cika son faɗa ba, wato gori. Yaron da aka yi wa dariya a makaranta saboda karin harshensa, in ya girma ba zai so a yi wa ɗansa ba, kuma babu mai ikon zarginsa.

Akwai kuma inda ake ɗaukar harshen kaka tamkar tambarin addinin gargajiya, ta yadda wanda ya musulunta ko ya shiga addinin Kirista yake ganin sai ya yar da su tare. Wannan fahimta ba ta da tushe, tarihin yankin nan kansa ya ƙaryata ta. Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi na Gwandu da 'yarsa Nana Asma'u sun yi wa'azi da waƙoƙi da Fillanci da Hausa ban da Larabci. Abin da ya faru da Fillancin daga baya ma darasi ne: jikokin masu jihadi da suka zauna birni suka riƙe sarauta, mafi yawansu yau Hausa kaɗai suke ji. Mulki bai hana harshensu barin gida ba.

Kada kuma a ɗauka Hausa ce kaɗai mai haɗiya. Babban kifi yana cin ƙarami, ƙaramin ma yana da wanda yake ci. A watan Afrilu na 2008 McGill ya iske wasu mutane a ƙaramar hukumar Sakaba da ake kira Damakawa, waɗanda babu wani masanin harshe da ya taɓa rubuta labarin harshensu. Ya tarar ba sauran mai yin sa. Sun koma C'Lela, wato harshen da shi kansa ake jin tsoron Hausa za ta ci.

A nan ne kwatancen ilmin halittu ke tsayawa, kuma tsayawar tasa albishir ce. Dabba ba ta zama jinsi biyu a lokaci ɗaya, amma ɗan Adam yana ɗaukar harshe uku ko huɗu ba tare da ɗaya ya rage wa ɗaya wuri ba, kamar yadda dubban mutanen Kamba da Yauri ke yi kullum. Harsuna kuma suna aro daga juna fiye da yadda dabbobi ke iyawa. Miwok na tafki, da yake maƙwabta masu wasu harsuna sun kewaye shi, ya ari sautuka 'yan tunkuɗau, irin ƙ da ts na Hausa, waɗanda babu su a sauran 'yan'uwansa shida, bai kuwa fasa zama Miwok ba. Cicipu cike yake da kalmomin aro daga Hausa, amma a garuruwan da ke kewaye da dutsen Korisino binciken McGill ya tarar yara suna tashi da shi.

Abin da ke tafiya da harshe

A 1992 Michael Krauss ya yi gargaɗin cewa kashi 90 cikin 100 na harsunan duniya suna iya mutuwa ko kama hanyar mutuwa kafin ƙarshen ƙarni na 21, ya kuma ce masana harshe su yi koyi da masana halittu wajen ƙirga abin da ke salwanta. Masanin halittu yana da nasa dalilin damuwa wanda ya wuce tausayi. Lokacin da Ernst Mayr ya je duwatsun Arfak na tsibirin Niu Gini a 1928, ya rarrabe jinsin tsuntsaye 137, sai ya tarar mutanen wurin suna da sunaye 136, biyu kacal suka haɗe. Mutanen da suka rayu da kogi ko daji ɗaruruwan shekaru sun riga sun yi rabin aikin mai bincike, sun ajiye shi cikin sunaye. Masuncin Bareshe da ya san kifi da sunansa na Tsureshe ya san lokacin da yake ƙwai da irin ruwan da yake bi. Jikansa da ya tashi da Hausa zai sami sunan giwan ruwa da tarwaɗa da ƙarfasa, amma duk kifin da Hausar kasuwa ba ta damu da shi ba zai koma kifi kawai.

A Yosemiti an ga irin wannan asara da ido. Mutanen kwarin sun saba sa wa ciyawa wuta a kan lokaci don itatuwan abincinsu su sami sarari. Da aka kore su aka kuma hana ƙuna, sai wasu itatuwa masu ganye kamar allura suka mamaye filayen suka shaƙe na oak. An rushe ƙauyensu na ƙarshe a cikin gandun a 1969, a 1970 hukumar gandun ta fara sa wutar da kanta.

Hausa ta yi sa'a a wannan fanni, domin tun 1916 likita J. M. Dalziel ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa tare da sunayensu na kimiyya. Ƙananan harsunan Kebbi abin da suka samu a da tsintuwa ce. Sigismund Koelle ya rubuta kalmomi kusan 300 na Kambari daga bakin wani 'yantaccen bawa a Firitawun ta Saliyo, ya buga a 1854 tare da na wasu harsuna fiye da 150. Wani jami'in mulkin mallaka, P. G. Harris, ya yi rubuce-rubuce kan Yauri da Dakarkari da harshen Reshe tsakanin 1930 da 1946. Aiki mai zurfi sai a 'yan shekarun baya ya kankama, ta hannun irin su Roger Blench da McGill da Jones da 'yan ƙabilun da suka yi aiki tare da su.

Yawan abin da aka adana shi ke yanke abin da za a iya yi daga baya, kamar yadda busasshen reshe mai fure da 'ya'ya a ɗakin adana tsirrai ya fi ganye ɗaya amfani. Catherine Callaghan ta ba da rayuwarta ga harsunan Miwok: ƙamus na harshen tafki a 1965, na bakin teku a 1970 wanda ta tattara daga bakin Sarah Ballard, na fadama a 1984, na arewacin duwatsu a 1987. Sylvia Broadbent ta fitar da nahawun na kudancin duwatsu a 1964. Tun 1996 ake shirya wani taro a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda Leanne Hinton na cikin waɗanda suka assasa shi, inda jikokin masu harsunan da suka mutu ke zuwa a buɗe musu tsofaffin takardu da faya-fayen murya, a koya musu yadda za su karanta su har su haɗa jimla. Jikokin Miwok na bakin teku, waɗanda gwamnatin Amurka ta maido wa ƙungiyarsu ta Graton matsayinta a 2000, da irin waɗannan takardu suke koyon harshen kakanninsu. Saklan kuwa abin da ya rage nasa ɗan gajeren jerin kalmomi ne da wani limamin mishan, Felipe Arroyo de la Cuesta, ya rubuta a 1821. Ya isa a gane cewa Miwok ne, bai isa a yi magana da shi ba.

Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 tana karɓar ɗalibai daga Zuru da Yauri da Sakaba da Bagudo, kowannensu da wayar da ta fi na'urar ɗaukar maganar Callaghan inganci. Ɗalibin ilmin halittu da zai yi kundin kammala karatu kan kifayen Yauri ko itatuwan maganin Fakai ba abin da zai rage masa in ya ƙara da muryar dattijon da ya nuna masa su: sunan abin da harshen wurin, a faɗa sau biyu a hankali, tilo da jam'i saboda ɗafa-goshin nan, sa'an nan a bar dattijon ya yi bayani da harshensa ba da Hausa ba, ko da ɗalibin bai ji duka ba, a rubuta gari da rana a haɗa da samfurin, a kuma ajiye kwafi a laburare, domin waya tana faɗawa ruwa. Bayanin nan mai tsawo shi ne ya fi daraja, domin a cikinsa ake samun aikatau da ginin jimla, abin da jerin sunaye ba ya bayarwa.

Damakawa ba su sami wannan ba. Abin da tsofaffinsu suka iya tunowa a 2008, da ƙyar da taimakon juna, kalmomi ne da 'yan gajerun maganganu kimanin 80, waɗanda ko cinikin buhun albasa ɗaya a kasuwar Aliero ba za su kai mutum ƙarshensa ba.